Madatsar Lagdo: Ginin 1982 da ke Neman Gyara

Kimanin kilomita 50 daga Garwa a arewacin Kamaru, a inda kogin Binuwai ya ratsa tsakanin duwatsu, nan madatsar ruwa ta Lagdo take. An fara aikinta a 1977, zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo, wanda shi kansa ɗan Garwa ne, injiniyoyin ƙasar Sin suka kammala ta a 1982. Tsawonta ya kai mita 308, tsayinta mita 40, tafkin da ta tara kuma ya mamaye murabba'in kilomita 586.

Babban dalilin gina ta shi ne wuta. An girka injina huɗu masu ba da megawat 72, su ne suka haskaka Garwa da Marwa da Ngaundere shekaru da dama. Tafkin ya jawo masunta daga nesa, har da Hausawa, manoman shinkafa kuma suka samu ruwan rani.

Sai dai gini daban, riƙo daban. Kowace damina ruwa na kwaso laka da yashi daga gonaki da dazuzzukan da aka sare, ya jibge su a gindin tafkin, wurin ajiyar ruwa yana ta raguwa. Injinan ma sun tsufa. A 2021, da ruwa ya ja baya ƙwarai, arewacin Kamaru ya sha ɗauke wuta ba dare ba rana, abin da ya hanzarta kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar.

Idan kuma ruwa ya yi yawa, dole a buɗe ƙofofi don kada madatsar ta ɓalle. Haka aka yi a 2012 da 2022, shekarun da ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a Najeriya, daga Adamawa har Lakwaja. Madatsar Dasin Hausa, wadda aka tsara ginawa a Najeriya don tare wannan ruwa, har yau ba a kammala ta ba.

Hausawa na cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wajibi ne Kamaru ta yashe tafkin, ta sabunta injinan, ta dasa itatuwa a gaɓar kogi, Najeriya kuma ta gama Dasin Hausa. Rayuwar miliyoyin mutane a ƙasashen biyu ta rataya a kan wannan aiki.