Farin Jirgi, Baƙin Jirgi: Hanyar Sama Daga Hartum Zuwa Kano

Makiyayi a ruga da ɗan kasuwa a bakin iyaka: In jirgin sama ya gifta ta saman Maiwurno ko Wad Madani ka ɗaga kai, ka taɓa tambayar kanka me ya sa kusan dukkansu farare ne? Amsar tana cikin tarihin wata hanya da kakanninmu suka fara takawa da ƙafa.

Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas. Suka sauka a bakin Bahar Azraƙ kusa da Sinnar, garin ya ɗauki sunansa. Maniyyata suka yi ta biyo sawu ta Barno da Wadai da Darfur, wasu su shekara da shekaru a hanya. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka riƙe da yawa daga cikinsu.

To, a wannan shekara ta 1925 ɗin ce jiragen sojan Ingila uku suka tashi daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham, suka biyo ta Hartum suka yi yamma, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Hanyar alhazai suka bi, sai dai su sun juya mata. Abin da kan ci mai ƙafa watanni, su cikin kwana shida suka gama. Jiragen nan katako ne da ƙyalle, an shafe ƙyallen da fenti ruwan azurfa don kada rana ta cinye shi. Ka ga ke nan tun ran farko, launi ba ado ba ne kawai.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, daga 1940 aka riƙa sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, Janaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, har Alƙahira. Fiye da jirage 5,000 suka bi ta nan. Bayan yaƙi, kamfanonin fasinja suka lura jirgi in ya tsaya a rana cikinsa kan koma kamar tanda, sai suka fara shafa wa samansa fari.

Kai ba sai an yi maka bayanin dalili ba. Ka san abin da ya sa ake sa farar jallabiya a Jazira, ka kuma san baƙar saniya ce ke riga fara neman inuwa. Fari na mayar da hasken rana, baƙi na shanye shi. Jirgin da aka shafa wa baƙi ko shuɗi mai duhu, jikinsa na ɗaukar zafi, na'urar sanyaya ciki ta ƙara wahala, fentin ya yi saurin koɗewa, tsagewa ko yoyon mai su yi wuyar gani. A 1996 aka shafa wa wani jirgin Concorde shuɗin fenti don tallar Pepsi. Fukafukansa dai fari aka bar su, aka kuma ce kada ya wuce minti 20 yana cikakken gudunsa, saboda zafi. Har yau akwai attajiran da ke son ƙananan jiragensu baƙaƙe don ƙawa. Suna tashi lafiya lau, amma a ƙasar rana mai jirgi na biyan kuɗin kwalliyarsa.

Sauka kuwa ita ce babbar jarrabawar matuƙi. Ƙa'ida ita ce ya fuskanci iska, kada ya ba ta baya. Ya sauko sannu a kan gudun da aka ƙayyade, dab da ƙasa ya ɗan ɗaga hancin jirgi, tayoyin baya su fara taɓawa a farkon titi, sannan birki. In rana ta take, iska kan yi sako-sako, jirgi ya zo ƙasa da gudu fiye da na lokacin sanyi, ya bukaci titi mai tsawo. Matuƙin jirgin attajiri yana da nasa tarkon: yana so ya ajiye maigida a hankali, ko shayinsa kada ya zube, sai ya yi ta shawagi dab da ƙasa, titi na ƙarewa. Shi ya sa ake koya musu cewa gara tayoyi su dira da ɗan ƙarfi a inda ya dace. In kuma abin bai daidaita ba, a sake tashi a zagayo, ba abin kunya ba ne.

Mun ga illar saukar da ta ɓaci. Ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 10 ga Yuni 2008, jirgin Sudan Airways ya sauka Hartum cikin mummunan yanayi, iska na bayansa, ya zarce titi ya kama wuta, mutum 30 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Jirgi ya rage wa hanyar ƙasa alhazai, amma fatauci da kiwo suna nan a kanta, kuma rana ɗaya ce ke dukan kowa. In za ka sayi tamfol na rufe buhunan dawa, ko jarkar mai, ko tankin ruwan dabbobi, zaɓi mai haske, ka kuma ajiye shi a inuwa. In ka loda tumaki a mota, ka yi sammako ko ka jira la'asar. In habub ya taso ko ƙurar hunturu ta rufe hanya, yi abin da matuƙi mai hankali ke yi: dakata, ka jira ta washe.

Allah ya kai mu lafiya, ya sauke mu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.