Vim (manhajar gyaran rubutu)

Vim manhaja ce ta kyauta da ake rubutu da gyaran rubutu da ita a kwamfuta, kuma ana sarrafa ta da allon madannai kaɗai ba tare da buƙatar linzami ba. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, shi ne ya ƙirƙire ta, ya fitar da ita ga jama'a a ranar 2 ga Nuwamba, 1991. Tana aiki a kan Linux da macOS da Windows. An san ta da raba allo zuwa tagogi da yawa, da kuma ajiye saitinta a fayil ɗin rubutu guda mai suna vimrc.

Tarihi

Vim ta samo asali ne daga vi, manhajar da Bill Joy ya rubuta a 1976 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Moolenaar ya fara aikinsa ne domin kwamfutar Amiga. Sigar 3.0 ta 1994 ita ce ta kawo tagogi da yawa, amma a jere kawai, ɗaya a saman ɗaya. Raba allo gefe da gefe ya zo ne a sigar 6.0 ta 2001, tare da tsarin haruffa na UTF-8. Sigar 6.2 ta 2003 ta ƙara rubutun Larabci, sigar 7.0 ta 2006 kuma ta kawo shafuka. A 2014 aka ɓalle da wani reshe mai suna Neovim. Moolenaar ya rasu a ranar 3 ga Agusta, 2023, kuma masu aikin sa-kai ne suka ci gaba da kula da manhajar. Ya kasance yana roƙon masu amfani da Vim su tallafa wa yara mabuƙata a Kibaale ta ƙasar Uganda ta hannun ƙungiyar ICCF Holland.

Yanayin aiki

A Vim maɓalli ɗaya yana da aiki fiye da ɗaya, gwargwadon yanayin da ake ciki. A yanayin umarni, wanda manhajar ke buɗewa da shi, haruffa umarni ne: h, j, k da l suna matsar da alamar rubutu hagu, ƙasa, sama da dama. Danna i yana shigar da mutum yanayin rubutu, Esc kuma yana mayar da shi. Umarnin da ya fara da alamar : ana rubuta shi ne a layin da ke ƙasan allo.

Bafa da taga da shafi

Abubuwa uku ne sababbin masu koyo suka fi rikitawa. Bafa ita ce rubutun fayil da aka ɗauko zuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Taga wuri ne da ake kallon bafa ta cikinsa. Shafi kuma tarin tagogi ne da aka jera a allo ɗaya.

Taga ba ta riƙe rubutu da kanta. Ana iya buɗe tagogi biyu a kan bafa ɗaya, ɗaya tana nuna farkon rubutun, ɗayar tana nuna ƙarshensa, kuma gyaran da aka yi a ɗaya nan take zai bayyana a ɗayar. Rufe ɗaya daga cikinsu ba ya ɓatar da komai. Idan kuwa za a fita alhali akwai gyaran da ba a adana ba, Vim za ta ƙi, ta nuna gargaɗi. Umarnin :qa! yana tsallake wannan gargaɗi, ya zubar da duk abin da ba a adana ba a kowace taga. Umarnin :wa shi ke adana duka.

Raba allo

Umarnin :split yana raba taga biyu, sama da ƙasa, :vsplit kuma hagu da dama. Idan aka sa sunan fayil bayan umarnin, sabuwar tagar za ta buɗe da shi. Sauran umarnin tagogi suna farawa da Ctrl-w, sannan a danna maɓalli na biyu:

Ctrl-w h, j, k, l: koma tagar hagu, ƙasa, sama ko dama
Ctrl-w w: wuce taga ta gaba
Ctrl-w =: daidaita girman tagogi
Ctrl-w + da Ctrl-w -: ƙara ko rage tsawo da layi ɗaya
Ctrl-w H, J, K, L: mayar da tagar kanta can gefe
Ctrl-w c: rufe wannan taga
Ctrl-w o: rufe duka ban da wannan

Umarnin :mksession yana adana tsarin tagogin a fayil mai suna Session.vim, sai a dawo da shi da vim -S Session.vim.

Kwatanta rubutu biyu

Masu nazarin harshe suna cin moriyar tagogi wajen kwatanta rubutu. Misali, ɗalibin da ya tattara kalmomi daga bakin mutanen Gwandu da na Kalgo a Jihar Kebbi zai iya buɗe jerin biyu gefe da gefe da vim -O gwandu.txt kalgo.txt. Idan ya sa :set scrollbind a kowace taga, za su riƙa gangarawa tare.

Umarnin vimdiff yana yin fiye da haka, domin yana shafa launi a duk layin da ya bambanta. Idan fayil ɗaya yana ɗauke da Daidaitacciyar Hausa, ɗayan kuma karin harshen yamma, wurare irin su tafi da tahi, ko fari da hwari, za su fito fili. Ana tsallakawa zuwa bambanci na gaba da ]c, a koma na baya da [c.

Fayil ɗin saiti

Duk lokacin da Vim ta tashi tana karanta fayil ɗin saiti layi bayan layi. Sunansa .vimrc a Linux da macOS, _vimrc kuma a Windows. Neovim tana karanta init.vim ko init.lua. Saitin da aka yi da :set a lokacin aiki yana gushewa da zarar an rufe manhajar, sai wanda aka rubuta a fayil ɗin ne ke dawwama. Layin da ya fara da alamar " bayani ne kawai, ba a aiwatar da shi. Ga misali:

set encoding=utf-8
scriptencoding utf-8
set number
set splitbelow
set splitright
nnoremap <C-h> <C-w>h
nnoremap <C-l> <C-w>l

Ba tare da splitbelow da splitright ba, sabuwar taga tana buɗewa ne a sama ko a hagu. Layuka biyu na ƙarshe suna taƙaita sauya taga zuwa dannawa ɗaya. Bayan gyara, :source $MYVIMRC yana sake karanta fayil ɗin. Idan wani saiti ya ƙi aiki, :verbose set splitright? yana nuna fayil ɗin da ya taɓa shi a ƙarshe. Umarnin :setlocal kuma yana taƙaita saiti ga taga ko bafa ɗaya.

Rubutun Hausa

Allon madannai da aka fi sayarwa a Nijeriya ba ya ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, alhali rashinsu yana sauya ma'ana: baki ba baƙi ba ne, kasa ba ƙasa ba ce. A yanayin rubutu ana iya danna Ctrl-v, sannan u, sannan lambar harafin ta Unicode: 0253 don ɓ, 0257 don ɗ, 0199 don ƙ, 01b4 don ƴ da ake amfani da shi a Nijar. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa su a vimrc:

inoremap ;b ɓ
inoremap ;d ɗ
inoremap ;k ƙ

Layin setlocal iskeyword+=39 yana sa Vim ta ɗauki kalma irin 'ya'ya a matsayin kalma ɗaya maimakon ta yanka ta a wurin alamar. Idan aka buɗe fayil da tsarin haruffa wanda ba UTF-8 ba, haruffan nan sukan rikiɗe su zama alamomi marasa ma'ana.

Saitin rightleft, wanda ke juya rubutu daga dama zuwa hagu, na taga ɗaya ne. Saboda haka mai juya waƙoƙin Hausa na zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu, daga ajami zuwa boko zai iya barin ajamin a taga ɗaya, bokon a ɗayar. Saitin arabic yana kunna madannan Larabci, sai dai haruffan da ajamin Hausa ya keɓanta da su ana ƙara su ne da hannu a vimrc.

Ceto rubutu

Yayin aiki Vim tana ajiye kwafin gyara a ɓoyayyen fayil mai ƙarshen .swp, tana sabunta shi bayan an buga haruffa 200 ko bayan daƙiƙa 4 ba a taɓa komai ba. Idan wutar lantarki ta ɗauke kafin a adana, vim -r tare da sunan fayil ɗin yana dawo da rubutun. Bayan an duba an adana, sai a goge tsohon fayil ɗin .swp, in ba haka ba gargaɗi zai riƙa fitowa duk lokacin da aka buɗe rubutun.