Ingancin Kayan Abinci da Na Amfanin Gida da Ake Shigowa da Su Daga Waje

Kaso mai yawa na kayan da ake sayarwa a kasuwanninmu na mako-mako, kamar madarar gari, tumatirin gwangwani, man shafawa da wayar lantarki, daga ƙasashen waje ake kawo su. Kasancewar kaya na waje ba ya nuna yana da kyau, kuma ba ya nuna yana da illa. Abin dubawa shi ne ko ya bi ta hannun hukuma kafin ya iso kasuwa.

Hukumomin da Abin Ya Shafa

Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, an kafa ta ne a shekarar 1993. Ita ke yi wa abincin da aka sarrafa, magunguna, kayan kwalliya da ruwan leda rajista, ko a gida aka yi su ko a waje. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke lura da kaya irin su wayar lantarki, tukunyar gas da tayoyi. A 2005 ta ɓullo da tsarin SONCAP, wanda ya tanadi a tantance kaya tun a ƙasar da aka ƙera su. Hukumar Kwastan kuwa ita ke tsare iyakoki. Kayan fasa-ƙwauri ba sa bin ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai, shi ya sa haɗarinsu ya fi yawa.

Abin da Ya Taɓa Faruwa

A shekarar 2008 an gano an gauraya wani sinadari mai suna melamin a cikin madarar jarirai a ƙasar Sin. Yara kimanin 300,000 suka kamu da rashin lafiya, shida suka rasu, kuma ƙasashe da dama suka janye madarar daga kasuwanninsu. A 2022 kuma, yara wajen 70 suka rasu a ƙasar Gambiya sakamakon ciwon ƙoda da aka danganta da maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. Wannan guba ba a gane ta da ido, sai an yi gwaji.

Abubuwan da Mai Saye Zai Duba

1. Lambar rajistar NAFDAC, da sunan kamfanin da ya yi kayan da adireshinsa.
2. Ranar da aka yi kaya da ranar ƙarewar wa'adinsa. Idan an kankare ranar ko an liƙa wata takarda a kanta, a bar shi.
3. Gwangwanin da ya kumbura, ya yi tsatsa ko yake yoyo, kada a ci abin da ke ciki, kada kuma a ba dabbobi.
4. Daskararrun kajin waje haramtattu ne a shigo da su. Waɗanda ake fasa-ƙwaurinsu sukan narke a hanya a sake daskarar da su.
5. Man bilicin da sabulun da ke ɗauke da sinadarin makuri suna lalata ƙoda, suna kuma cutar da ɗan da ke ciki.
6. Siririyar wayar lantarki da soket marar inganci sukan yi zafi su jawo gobara.

A sani cewa ana buga lambar jabu. Saboda haka, idan farashi ya faɗi ƙasa da kima, a yi hattara, domin araha ba ta ado. Wanda bai iya karatu ba ya nemi wani ya duba masa kafin ya biya.

Aikin Shugabanni

Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da sarakunan kasuwa da su haɗa kai da ma'aikatan duba-gari wajen zagaya rumfuna a ranar kasuwa. Idan aka ga kayan da ake shakka, a adana samfurinsa cikin mazubinsa, a rubuta inda aka saye shi, sannan a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko ofishin NAFDAC na jiha. Wanda ya kamu da amai ko gudawa bayan cin irin wannan abinci, a gaggauta kai shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci.