Karatu kyauta da ilimin kasuwanci a Faransa, daga 1881 zuwa 2020

1. Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibanmu da suka ƙare lisansi sukan tambaye mu ko gaskiya ne a Faransa ana iya samun babban digiri na tafiyar da kamfani (gestion) ba tare da biyan kuɗin karatu ba. A wannan ɗan rubutu za mu bi tarihin maganar, don mu nuna cewa ilimin kasuwanci a can ya taso ne ta hanyoyi biyu, ta biya da ta kyauta, kuma ita kanta kalmar "kyauta" ma'anarta ta sake da tafiyar zamani.

2. Hanyoyi biyu

A 1881 abubuwa biyu suka faru. Ranar 16 ga Yuni dokar Jules Ferry ta soke biya a makarantun firamare na gwamnati. A shekarar kuma majalisar ƴan kasuwa ta Paris ta buɗe makarantar HEC. Kafin nan, a 1869, majalisar ta sayi makarantar da aka kafa a 1819, wadda yau ake kira ESCP. Ke nan a lokacin da gwamnati ta fara ɗaukar ilimi a matsayin nauyin da ke kanta, koyon kasuwanci yana hannun ƴan kasuwa, su ke gina makarantun, iyaye kuma su biya. Jami'a ta tsaya ga shari'a, likitanci, kimiyya da adabi.

Kyautar ta yi ta hawa: karatun sakandare a farkon shekarun 1930, sannan a 1946 gabatarwar tsarin mulki ta ce shirya ilimin gwamnati kyauta a kowane mataki wajibi ne a kan ƙasa. Amma manyan makarantun kasuwanci ba su shiga wannan alkawari ba, tun da ba gwamnati ce ta mallake su ba.

3. Kasuwanci ya shiga jami'a

Wanda ya buɗe hanya ta biyu shi ne Gaston Berger, masanin falsafa da aka haifa a Saint-Louis ta Senegal a 1896, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa. Yana shugabantar hukumar ilimi mai zurfi aka ƙirƙiro, a 1955, cibiyoyin da ake kira IAE a cikin jami'o'i. Manufar ita ce injiniya, ko lauya, ko mai digirin adabi ya ƙara shekara guda ya koyi lissafin kuɗi da tafiyar da ma'aikata, ya fito da takardar CAAE. Wannan takarda, wadda ta koma mastar bayan sauyin LMD na 2002, ita ce ta fi kusa da abin da Amurkawa ke kira MBA, sai dai ɗalibi ba ya biyan kome in ban da kuɗin rajista.

Mu duba tazarar. A 2018 rajistar mastar a jami'a yuro 243 ce, watau kusan sefa 159,000. A farkon shekarun 2020 kuɗin MBA na HEC ya haura yuro 60,000. Darussan suna da kama da juna. Abin da mai biya ke saye har da sunan makaranta da zumuncin tsofaffin ɗalibanta, waɗanda ke buɗe ƙofar manyan kamfanoni.

4. Shari'ar kalma

Ranar 19 ga Nuwamba 2018 firaminista Édouard Philippe ya bayyana shirin "Bienvenue en France". Daga 2019, sabon ɗalibin da ya zo daga wajen Tarayyar Turai zai biya yuro 2,770 a lisansi da 3,770 a mastar, kusan sefa miliyan 2 da dubu 470. Hujjar gwamnati ita ce wannan bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ƙasa ke kashewa kan ɗalibi ba. Daga baya aka cire masu karatun dokta.

Ƙungiyoyin ɗalibai suka kai ƙara. Ranar 11 ga Oktoba 2019 Majalisar Tsarin Mulki ta yanke cewa alkawarin 1946 ya shafi ilimi mai zurfi na gwamnati, amma bai hana a karɓi kuɗin rajista "modiques" ba, in an duba ƙarfin ɗalibi. Ranar 1 ga Yuli 2020 Conseil d'État ta amince da sabon farashin. Ga mai nazarin harshe, nan ne gizo ke saƙa. "Modique" sifa ce ta awo, kamar "kaɗan" ko "mai sauƙi" a Hausa, ba ta da ma'ana sai an san abin da aka gwada da shi. Alƙalai sun gwada kuɗin da abin da karatun ke ci wa gwamnati, suka kuma lura da tallafi da yafewar da doka ta tanada. Uban ɗalibi a Maraɗi ko Damagaram da abin da ke shigo masa a shekara yake gwadawa. Jami'o'i da dama sun yafe wa baƙi ƙarin a shekarun farko, sai dai dokar lokacin ta taƙaita yafewar ga kashi 10 cikin 100 na masu rajista.

5. Kammalawa

Abin da tarihin ya nuna mana shi ne babu digirin da ba a biya ba. Tambayar ita ce wa ya biya. A HEC ɗalibi ne da iyayensa ko banki, a IAE masu biyan haraji ne, kuma a 2019 Faransa ta fara tambayar ko harajinta zai ci gaba da ɗaukar ɗan wata ƙasa. Don haka ɗalibin da ya ga an rubuta "gratuit" ya bincika abu uku: ko makarantar ta gwamnati ce, ko takardar digirin ƙasa ce ko ta makarantar kawai, da kuma wane farashi ya shafi baƙo a shekarar da zai shiga. Kuɗin ɗaki da abinci kuwa ba su taɓa shiga cikin alkawarin 1946 ba.