Tsibirin Lamu: Tarihinsa da Addininsa da Sana'o'insa

1.0 Gabatarwa

Lamu ɗan tsibiri ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar arewacin Kenya. Dalilin kawo zancensa a mujallar harsunan Nijeriya shi ne, abin da ya sami karin harshensa, wato Kiamu, ya yi kama da abin da ya sami Sakkwatanci a wurinmu. Wannan maƙala za ta bi tarihin tsibirin domin a ga yadda aka yi.

2.0 Tarihi

Garin Lamu ya kafu tun wajen ƙarni na 14, kuma fatauci ne ya raya shi. Jiragen katako da iska ke korawa sukan zo daga ƙasashen Larabawa da Indiya, su koma da hauren giwa da itatuwan gini da bayi. Turawan Fotugal sun aza wa garin haraji a 1506, har Larabawan Oman suka karya ƙarfinsu a Mombasa a 1698. Wajen 1812 mutanen Lamu suka fatattaki rundunar Pate da Mombasa a yaƙin Shela, daga nan garin ya bunƙasa a ƙarƙashin inuwar Sayyid Sa'id na Oman. Da Ingilishi suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa, sannan aka hana bauta a 1907, sai gonaki suka mutu, kasuwa ta ƙaura.

3.0 Addini

A ƙarshen ƙarni na 19 wani Sharifi haifaffen tsibiran Komoro, Habib Salih, ya zauna a Lamu ya kafa masallacin Riyadha. Ya karantar da bayi da masu hawan kwakwa, waɗanda manyan gari ba sa ko haɗa sahu da su a harkar ilmi, ya kuma shigo da Mauludi mai bandiri cikin masallaci. An soke shi ƙwarai a kan haka (Bakano ba zai ji wannan gardama baƙuwa ba). Duk da haka Mauludin ya ɗore, yana tara jama'a daga ko'ina a Afirka ta Gabas.

4.0 Sana'a da Rubutu

Ana gina gidajen Lamu da duwatsun teku da farar ƙasa, kuma tsawon itacen rufi ne ke ƙayyade faɗin ɗaki, kamar yadda azara ke yi a ginin Hausa. Akwai ƙyamare masu zanen sassaƙa, da kujerun alfarma da ake yi wa ado da haure ko ƙashi, da hular kofia mai aikin allura. Waɗannan gine-gine na daga cikin abin da ya sa UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

A ganina, babbar sana'ar Lamu ita ce ta alƙalami. Da ajami aka rubuta waƙoƙin Sawahili na dauri, mafi yawansu cikin kare-karen wannan yanki. A 1858 Mwana Kupona ta tsara wa 'yarta waƙar nasiha, lokacin Nana Asma'u tana raye a Sakkwato. Muhamadi Kijumwa, wanda ya rasu a 1945, masassaƙin ƙyamare ne, mawaƙi ne, kuma magwajin littattafai. Shi ya kwafa wa Alice Werner da Ernst Dammann tsofaffin waƙoƙi, ta hannunsa da yawa suka isa ɗakunan karatu na Turai.

Amma da aka zauna a Mombasa a 1928 don daidaita Sawahilanci, karin Zanzibar aka zaɓa, saboda shi ne ya bazu da fatauci. Kiamu ya koma "karin gefe", har ɗan makarantar Kenya kan buƙaci sharhi kafin ya fahimci Mwana Kupona. Ina ganin irin wannan a ajina a nan Kudu, inda ɗalibai suka koyi Daidaitacciyar Hausa mai tushe a Kananci: in na ɗauko waƙar masu jihadi, sai mun share rabin darasi muna warware "shi taho" da "mazzo" kafin mu kai ga ma'anar baiti.