Katangar Ƙasa da Rigar Siminti

Wanda ya ratsa lungunan Bukoki a Yamai bayan damina ba zai rasa ganin katangar ƙasa da aka yaɓa wa siminti ba, yaɓen ya ɓamɓare ya zube, ƙasar ciki kuma ta jiƙe sharaf. Mai gida ya sayo simintin nan kusa, a kasuwar Katako, don ya huta da yaɓen kowace shekara, ashe ciwo ya sayo wa bangonsa.

Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin ta fita. Da zafin rana ya tsaga shi, ruwa sai ya sulale ta baya ya maƙale, ya yi ta cin tubali a ɓoye. Tsohon magini yakan ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, in ya ji ƙara kamar ta ƙwarya, ya san aikin gama ya gama.

Maginan dā suna da nasu sirrin yaɓe: makuba da laso. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a jiƙa, a kwaɓa da ƙasa. Laso ya fi ta wuyar haɗi: katsi daga marina, gashin awaki daga majema, da ruwan saiwar dafara mai yauƙi. Wato sai marini da majemi sun yi aikinsu kafin magini ya sami abin shafe soro. Da marina suka yi ƙaranci, siminti kuma ya fara fitowa daga Malbaza a shekarun 1960, laso ya zama labari.

Turawa ma sun sha kashi a hannun siminti. A Ingila aka yi wa siminti rajista a 1824, amma masu gyaran tsofaffin gidajen jan bulo a can sun koma kwaɓin farar ƙasa, domin siminti ya fi bulon tauri, bulon ne ke farfashewa.

A gida Nijar kuwa, ginin ƙasa bai rasa daraja ba: masallacin ƙasa na Yama, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma an gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu a 2018. Mai katangar ƙasa a Bukoki, kafin ka nufi Katako, fara neman tsohon magini.