Tarihin Tayar Keke Maras Tiyub

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya rubuto yana cewa, ya ji ana batun kekunan tseren hanyar burji waɗanda tayoyinsu ba su da tiyub. Yana son sanin yaushe aka fara wannan abu, su wa suka ƙago shi, kuma ko zai iya mayar da nasa keken haka don ya huta da kai wa mai faci.

AMSA: Sai ka gyara zama, domin labarin yana da ɗan tsawo.

Da farko dai, kekunan farko ba su san iska ba. Ƙafafunsu na katako ne da aka yi wa ɗamarar ƙarfe, daga baya aka koma roba daskararriya. Wanda ya hau irinsu a kan tsakuwa, jikinsa ne yake gaya masa. A shekarar 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano yadda ake dafa roba da farar wuta ta yi ƙarko. A 1845 kuma wani ɗan Sikotlan, Robert William Thomson, ya yi rajistar tayar iska domin keken doki, amma tsadarta ta sa aka manta da ita.

Sai a 1888 John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi da ke zaune a Belfast, ya sake ƙago ta domin keken ɗansa mai ƙafa uku. Shekara ɗaya bayan haka Willie Hume ya ci tsere da ita a Belfast, nan take duniya ta waiwayo. Matsalarta ita ce manne take da ƙafar keken, in ta fashe sai an ɓata sa'o'i ana gyara. A 1891 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Edouard da Andre Michelin, suka fito da tayar da ake iya cirewa a yi wa tiyub faci, kuma da ita Charles Terront ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa, kimanin kilomita 1,200.

Motoci ne suka fara rabuwa da tiyub. Kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya bayyana tasa tayar a 1947, kafin ƙarshen 1955 kuwa sabbin motocin Amurka da ita suke fitowa. Keke ya makara ne saboda ramukan sifoka da ke jikin rim, ta nan iska take gudu. A 1999 kamfanin Mavic na Faransa, tare da Michelin da Hutchinson, suka fito da rim marar rami da taya ta musamman domin kekunan hawan dutse. A 2001 kuma wani Ba'amurke, Stan Koziatek, ya fara sayar da wani ruwan roba da ake zubawa cikin taya, da tef na rufe ramukan. Da ƙaya ta huda, iska sai ta turo ruwan bakin hujin, ya daskare ya toshe, mai keke yana tafiyarsa bai ma sani ba.

Masu tseren burji su suka fi rungumar abin. A 2006 mutum 34 suka fara wani tseren mil 200 a garin Emporia na jihar Kansas, inda duwatsu suke da kaifi kamar wuƙa. Yau sunansa Unbound Gravel. A 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere a Italiya. Dalilinsu shi ne, a kan burji taya mai ƙarancin iska ta fi kama ƙasa, ta fi daɗin hawa. Amma in akwai tiyub, da an daki dutse sai rim ya matse shi ya yi masa huji biyu. In babu tiyub, babu abin matsewa.

Yadda ake yi kuwa, sai a cire taya da tiyub, a goge rim tas, a naɗa tef ɗin ya rufe ramuka. A huda shi a sa bawul na musamman, a mayar da taya, a buga mata iska da ƙarfi lokaci guda har bakinta ya zauna daram. Sannan a zuba ruwan, kimanin mililita 60, a ƙara iska, a jujjuya ƙafar don ya game ko'ina.

Amma fa Malam, ka kula. Dole rim da tayar duka su zama waɗanda aka ƙera domin wannan aiki. Kekunanmu na yau da kullum, irin na zuwa gona da kasuwa, ba haka aka yi su ba. In ka matsa, taya tana iya subucewa daga rim kana cikin gudu, abin da ba a fata. Sannan ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a zafi irin namu ma ya fi saurin bushewa, sai an riƙa ƙarawa. Kuma in taya ta yi babbar yaga, ruwan ba ya iya toshe ta, shi ya sa masu tseren ma suke tafiya da tiyub a aljihu.

Saboda haka in kekenka na gargajiya ne, ka nemi taya mai kauri, ka riƙa duba iskarta, kada ka ɓata da mai facin unguwarku.